Lambar da ta zo a matsayin kalma: bin sawun wani saƙo a facin Pure Data

Facin, wato shirin da ake haɗawa da akwatuna da igiyoyi a allo, ƙarami ne. Wani matashi da ke koyon haɗa sauti da kwamfuta ne ya gina shi a Pure Data, manhajar da masu aiki da ita suka fi kira Pd, kuma burinsa bai wuce ya riƙa sarrafa sauti daga wayarsa ba: ya tura sanda ta farko sama murya ta yi kaifi, ya tura ta biyu ƙara ta ƙaru, ya taɓa makunni sautin ya ɗauke. A wayar akwai TouchOSC na kamfanin Hexler, mai mayar da allon waya sanduna da makunnan sarrafawa, tsohon samfurin, da shimfiɗar da yake zuwa da ita mai suna Simple. Shafuka huɗu gare ta. Na farko yana da sanduna biyar da makunnai huɗu, na biyu maɓallai 16, na uku fili ne da ake yawo da yatsa a kai, na huɗu kuma jadawalin makunnai takwas sau takwas. Waya da kwamfuta suna kan waifai ɗaya, an saita wayar ta riƙa aikawa ta ƙofa mai lamba 8000.

A Pd ba layukan umarni ake rubutawa ba. Akwatuna ake jerawa a allo a haɗa su da igiyoyi, saƙo ya fita ta mafitar da ke ƙasan wannan ya shiga ta mashigar da ke saman wancan. Jerin da yaron ya yi shi ne wanda kusan kowa zai yi: `netreceive -u -b 8000` ya karɓi abin da ya zo ta waifai, `oscparse` ya warware shi, `list trim` ya gyara masa kai, `route 1` ya ware saƙonnin shafin farko, sannan `route fader1 fader2 toggle1` ya raba su gida uku. Abin da ya rage lissafi ne. Sandar farko tana ba da ƙima tsakanin 0 da 1, a ninka ta da 48 a ƙara mata 36, `mtof` ya mayar da ita yawan kaɗawa ya miƙa wa `osc~`, mai samar da sautin. In sanda tana tsakiya, wato 0.5, sai a samu 60, lambar sautin C na tsakiya, kusan Hertz 261.63.

Ya tura sanda, shiru. Sauti bai motsa ba, kuma babu jan rubutu ko ɗaya a babbar tagar Pd inda take kai ƙarar kuskure. Da ya rataya `print`, akwatin da ke rubuta duk saƙon da ya shigo masa a wannan taga, a ƙasan `list trim`, sai ga layuka suna zubowa: `1 fader1 0.5`, `1 fader1 0.52`, haka dai har ya ɗage yatsa. Saƙo yana isowa ke nan. Ya kuma yi gwajin da ya kamata: ya buɗe akwatin saƙo, ya buga `1 fader1 0.5` da hannunsa, ya haɗa shi da `route 1`, ya danna. Nan take sauti ya canza.

"Malam," ya ce da ni, "rubutu ɗaya ne fa. Nawa yana wucewa, na wayar ba ya wucewa."

Abin da ya sa na ga ya kamata a rubuta wannan lamari shi ne yaron bai yi ganganci a ko'ina ba. Ya duba waifai, ya duba ƙofa, ya sa `print`, ya gwada da hannu. Duk da haka allo ya nuna masa abu biyu masu kama ɗaya alhali a cikin Pd ba su ko yi kusa da juna ba.

Abin da Pd take kira saƙo

Miller Puckette ne ya ƙirƙiro wannan salon aiki a cibiyar IRCAM da ke Paris a shekarun 1980, da manhajar da ta zama Max. A 1996, yana koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya fito da Pd, kyauta ga kowa. Tsarin saƙonnin manhajojin biyu tushensa ɗaya, kuma wanda bai fahimce shi ba zai daɗe yana zargin igiya da waifai.

Kowane saƙo kai ne da ƙwayoyin da ke biye da shi. Ƙwayoyin da ake haɗuwa da su kullum iri biyu ne, lamba da kalma. Akwai na uku, `pointer`, na masu aiki da tsarin zane da adana bayanai, bai shigo cikin wannan lamari ba. Shi kuwa kan saƙo kullum kalma ne, kuma da shi akwati yake sanin abin da aka ce ya yi. Wasu kawuna Pd ta san su tun asali: `bang` yana nufin "yi aikinka yanzu" kuma ba ya ɗauke da komai, `float` yana ɗauke da lamba ɗaya, `symbol` kalma ɗaya, `list` kuma jeri ne na ƙwayoyi. Duk wani kai da ba ya cikin waɗannan, kamar `stop` ko `set` ko `fader1`, umarni ne da akwatin da ya san shi zai amsa, wanda bai san shi ba ya ce ba shi da hanyar karɓarsa.

Pd tana sauƙaƙa wa mutum ƙwarai a nan. In ka buga 60 a akwatin saƙo, ita za ta ɗora masa kan `float` ba tare da ka gani ba. In ka buga `60 100`, ta ɗauke shi `list` saboda ya fara da lamba. Jerin da ke da lamba ɗaya tal daidai yake da `float`, jerin da babu komai a ciki daidai yake da `bang`. Ka aika wa akwatin `+` jerin `3 4`, sai ya raba su a mashigunsa biyu ya ba ka 7. Wannan sauƙi ne yake sa mutum ya yi wata da watanni yana gina faci bai taɓa tambayar kansa nau'in abin da ke bin igiya ba, har ranar da bayanai suka shigo daga waje.

Akwai ƙa'ida ɗaya da lamarin gaba ɗaya ya rataya a kai: nau'in ƙwaya ana yanke shi ne a lokacin da aka haife ta, kuma yana binta duk inda ta je. Rubutun da mutum ya buga a akwati yana bi ta hannun mai karatun Pd, shi kuma duk abin da ya yi kama da lamba sai ya mayar da shi lamba. Don haka 1 ɗin da yaron ya buga a akwatin saƙo lamba ce, haka ma 1 ɗin da ke cikin `route 1`. Amma ƙwayar da wani akwati ya ƙera daga bayanan waje ba ta bi ta hannun mai karatun nan ba. Tana iya zama kalma mai harafi ɗaya, harafin kuma ya zama 1. Kamar lambar da ake rubutawa a ƙofar shago a kasuwa ce: shago mai lamba 12 suna ne aka ba shi, ba wanda zai tara shi da na 13 ya ce ya samu 25.

Shi `route` in an ba shi lamba, lamba yake nema a farkon saƙo. In an ba shi kalma, kan saƙo yake dubawa. Abin da bai dace da ko ɗaya ba sai ya fitar da shi ta mafitarsa ta ƙarshe a dama, ba tare da ya ce uffan ba, domin a wurinsa wannan ba kuskure ba ne, aikinsa ke nan. A facin yaron babu igiya ko ɗaya a wannan mafita.

Bin sawu

Matakin farko shi ne rataya `print` a mafitar dama ta `route 1`. Duk saƙonnin wayar nan suke fitowa, ko ɗaya bai ɓace ba. Da wannan aka sallami waifai da `netreceive` da `oscparse` daga zargin ɓatar da saƙo, aka tabbatar `route` ne yake gani yana ƙi.

Mataki na biyu shi ne ya buɗe lamarin, kuma bai wuce matsar da `print` akwati ɗaya sama ba. Aka sa `print sama` a mafitar `oscparse`, aka bar `print kasa` a ƙasan `list trim`, aka tura sanda sau ɗaya:

`sama: list 1 fader1 0.5`

`kasa: 1 fader1 0.5`

Wannan kalma `list` da ta bayyana a layin sama ita ce shaidar. Akwatin `print` ba ya rubuta ta idan jeri ya fara da lamba, domin babu buƙata, lambar kanta ta isa ta nuna jeri ne. Yana rubuta ta ne kawai idan ƙwayar farko kalma ce. Ashe ke nan tun farko Pd tana faɗin gaskiyar magana, sai dai a wurin da ba a duba ba. Aikin `list trim` shi ne ya cire kan `list` ya ɗora kalmar farko a matsayin kai, don `route` mai neman kalma ya iya ganinta. Da ya yi haka sai saƙon ya zama umarni mai kai 1, `print` kuma ya rubuta shi daidai yadda zai rubuta jerin da ya fara da lamba. Akwatin da aka sa don a taimaki `route` shi ya share alamar da ido zai kama.

Ina ganin wannan shi ne wurin da ya fi dacewa mai koyo ya tsaya ya yi tunani. `list trim` a bayan `oscparse` shawara ce mai kyau, ita ake ba kowa, kuma tana aiki lafiya ƙalau muddin adireshi ya fara da suna irin `sauti` ko `ganga`. Amma `print` ɗin bincike ya kamata ya zauna a daidai bakin da baƙon saƙo ya shigo, kafin wani akwati ya taɓa shi.

Ban so a tsaya a kan karatun allo kaɗai ba, don haka muka gina ɗan ma'auni. Mafitar `oscparse` ta shiga `list split 1`, wanda yake yanke ƙwayar farko ya fitar da ita ta hagu, sauran ta tsakiya. Ta hagun ta shiga `route bang float symbol list`, kowace mafita da nata `print`. Idan aka ba `route` waɗannan sunaye, yana rarraba saƙo bisa nau'insa ne. Saƙon hannu ya fito ta `float`. Na waya ya fito ta `symbol`. Aka ƙara miƙa wannan kalma ga `list fromsymbol`, mai warware kalma zuwa lambobin haruffanta, ya ba da 49, lambar harafin 1 a tsarin ASCII.

Wannan ma'auni yana da wani hali da ya kamata a sani kafin a dogara da shi a cikin faci na gaske. Idan jeri mai ƙwayoyi da yawa da ya fara da kalma ya bi ta mafitar `list`, yana fitowa ne an cire masa kan, tamkar ya bi ta `list trim`. Wanda yake son jerinsa ya dawo yadda ya shiga sai ya sa akwatin `list` a ƙasan wannan mafita.

Inda kalmar ta samo asali

OSC, yaren da wayar take magana da shi, Matt Wright da Adrian Freed ne suka tsara shi a cibiyar CNMAT ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, suka gabatar da shi a 1997, cikakken bayaninsa na farko kuma ya fito a 2002. Saƙonsa kashi uku ne: adireshi, sai alamomin nau'i, sai ƙimomin. Ana iya ganin su ƙuru-ƙuru in aka sa `print` a mafitar `netreceive` kai tsaye. Sanda tana daidai 0.5, abin da zai fito lambobi 20 ne:

`47 49 47 102 97 100 101 114 49 0 0 0 44 102 0 0 63 0 0 0`

Tara na farko haruffan `/1/fader1` ne, 47 ita ce karkatacciyar sanda, 49 kuma ga ta nan a matsayi na biyu da na tara. Sifili uku sun cike su zuwa 12, domin OSC yana son kowane kashi ya rabu huɗu-huɗu. Sai 44 da 102, wato waƙafi da harafin f, sanarwar cewa lamba ɗaya mai ɗigo tana tafe. Huɗun ƙarshe su ne 0.5 a yadda kwamfuta take ajiye ta.

Daga nan ana ganin cewa OSC ya faɗi nau'in ƙimar ƙarshe da bakinsa, shi ya sa 0.5 ta iso lamba. Adireshi kuwa rubutu ne daga farkonsa har ƙarshensa. `oscparse`, wanda ya shigo Pd tare da `oscformat` a fitowa ta 0.46, yana yanka adireshi a kowace karkatacciyar sanda ya mayar da kowane yanki kalma. Bai yi laifi ba. Da zai riƙa hasashen cewa wannan yanki lamba ne, da adireshi irin `/01/` ya koma 1 ya rasa sifilinsa, wani facin kuma ya lalace ta wata fuskar.

Hanyoyi biyu da ba su ɓulle ba

Da yaron ya gane matsalar, abin da ya fara zuwa masa shi ne `t f`, wato `trigger` mai fitar da lamba, a kan ƙwayar farko. Ya samu lamba kam, amma 0 ce, ko daga wane shafi saƙon ya zo, kuma babu gargaɗi. `trigger` ba ya karanta haruffan kalma. In an nemi lamba a wurinsa aka ba shi kalma, sifili yake bayarwa. Wannan ya fi matsalar farko haɗari, domin ma'aunin nau'i zai ce `float` ce, mutum ya ɗauka an gama.

Na biyu, ya ratsa saƙon ta akwatin saƙo mai `$1 $2 $3`, da fatan sake rubutawar za ta mayar da 1 lamba. Alamar dala ba ta sake karanta komai, ƙwayar take ɗauka ta ajiye a sabon wuri da nau'inta. Kalma ta shiga, kalma ta fita.

Gyaran da aka zaɓa

Hanya mafi tsabta ita ce a kashe matsalar a tushe: a buɗe shimfiɗar a manhajar gyaran TouchOSC a sauya adireshi ya zama `/sauti/kaifi` da `/sauti/kara`. Wanda shimfiɗa tasa ce, wannan nake ba shi shawara, kuma jerin farko zai yi aiki ba tare da an taɓa shi ba. Yaron kuwa yana son duk abokin da ke da TouchOSC ya zaɓi Simple ya sarrafa facin nan take, ba sai an ɗora wa wayarsa sabuwar shimfiɗa ba. Dalili ne mai ƙarfi.

Akwai kuma akwatunan waje da Martin Peach ya rubuta, `unpackOSC` da `routeOSC`, waɗanda suke barin adireshi da karkatattun sandunansa, a rubuta `routeOSC /1` a wuce wurin. Suna aiki sosai. Kuɗinsu shi ne duk kwamfutar da za a buɗe facin sai an girka mata su, kuma facin da aka gina da akwatunan asali kaɗai ya fi sauƙin ɗauka zuwa ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ko cikin wata manhaja ta hanyar libpd. A Max ma wannan tuntuɓe ba ya faruwa ta wannan siga, domin `udpreceive` yana fitar da adireshin a dunƙule. Nasu tuntuɓen daban ne: Max tana bambanta lamba cikakkiya da mai ɗigo, har `+ 1` ya zubar da abin da ke bayan ɗigo in ba a rubuta `+ 1.` ba. Pd ba ta da wannan rabo, lamba iri ɗaya ce a wurinta.

Hanya ta uku ita ce a koya wa `route` kalmar. `route` mai suna ɗaya tal yana da mashiga ta dama da ake sauya masa abin nema. Sai a rubuta `route x`, a sa `loadbang`, mai aiki da zarar an buɗe faci, ya aika 1 cikin `makefilename %d`, wanda yake ƙera kalma daga lamba, a zuba ta a wannan mashiga. Yana aiki, amma ban so shi ba. Shafi huɗu na nufin wannan gini sau huɗu, kuma akwatin da aka rubuta wa x alhali 1 yake nema tarko ne ga duk wanda zai karanta facin nan gaba, har da mai shi.

Abin da aka tsaya a kai shi ne a canza nau'in sau ɗaya a bakin ƙofa, duk abin da ke ƙasa ya samu saƙo irin wanda za a iya bugawa da hannu. Saƙo ya shiga `list split 1`. Mafitar tsakiya, mai ɗauke da `fader1 0.5`, ta tafi mashigar dama ta `list append`, mai haɗa jeri biyu su zama ɗaya. Mafitar hagu ta shiga akwatin `f`, wanda a fitowar Pd ta baya-bayan nan yana karanta kalma mai kama da lamba ya mayar da ita lamba ta gaske, daga nan ta shiga mashigar hagu ta `list append`. A tsohuwar Pd da `f` ɗinta bai iya wannan ba, `list fromsymbol` da `- 48` suna biyan buƙata (49 ta harafin 1 a rage mata 48 ta koma 1), muddin lambar harafi ɗaya ce, kuma shafuka huɗu ba su wuce haka ba.

Ginin yana tafiya daidai ne saboda wata ɗabi'ar Pd: akwati mai mafita da yawa yana fitarwa daga dama zuwa hagu, kuma mashigar hagu ce take tayar da akwati, ta dama ajiya kawai take yi. Saboda haka wutsiyar saƙo tana isa ta zauna, kan ya biyo baya ya tayar da haɗin. `print` ya nuna `1 fader1 0.5` babu `list` a gaba, `route 1 2 3 4` ya karɓa, sanda ta motsa sauti.

Abin da ya biyo baya

Da a nan aka tsaya, da facin ya sake cijewa, domin wayar ba saƙon sanda kaɗai take aikowa ba.

TouchOSC yana iya aiko `/ping` lokaci-lokaci, yana kuma iya aiko `/accxyz` da ƙimomi uku na karkatar wayar, ba ƙaƙƙautawa, in an kunna su. Waɗannan kawunansu kalmomi ne na gaske. Da suka isa `f`, sai ya cika taga da ƙorafin ya kasa mayar da su lamba. Maganin shi ne a tare su tun kafin wurin canji: `list trim`, sannan `route ping accxyz`, abin da ya fita ta dama shi kaɗai zai wuce zuwa `list split 1`. Akwatunan dangin `list` suna karɓar umarni su mayar da shi jeri da kansu, don haka cire kan da aka yi bai ɓata komai ba. A nan `list trim` ya samu wurin da ya dace da shi.

Sai sauya shafi. In aka taɓa shafi na biyu a wayar, tana aiko `/2` tsurarsa, babu ƙima. Bayan canji ya zama lamba 2 ita kaɗai, `route 1 2 3 4` ya gane ta, ya cire ta, ya fitar da abin da ya rage, wato jeri marar komai, wanda Pd take ɗauka `bang`. A shafin farko wannan bai yi ɓarna ba, `route fader1 fader2 toggle1` ya watsar da shi ta dama. Amma `bang` da ya faɗa akwatin da ke riƙe da ƙima yana sa shi ya sake fitar da tsohuwar ƙimarsa, in ya faɗa wa mai kunna sauti kuma ya kunna shi. Aka sa `route bang` a ƙasan kowace mafitar shafi. Tun da an riga an ware shi, sai aka ba shi aiki: yana haska wata 'yar alama a facin da ke nuna shafin da wayar take kai.

Shafi na uku bai ba da wahala ba. `/3/xy` yana zuwa da lambobi biyu da OSC ya bayyana nau'insu, `route xy` da `unpack f f` sun raba su.

Shafi na huɗu ne ya dawo da matsalar farko ta wata ƙofa. Kowane gida a jadawalin yana da adireshinsa, misali `/4/multitoggle/2/3` da ƙimar 1 ko 0. Bayan `route multitoggle`, `print` ya nuna `2 3 1`, lambobi uku a ido. Yaron ya sa `unpack f f f`, wannan karon Pd ta yi magana: `unpack: type mismatch`, sau biyu a kowace taɓawa, mafita ta uku kaɗai ta ba da abu. Bai jira ni ba. Ya ce, "Malam, 2 da 3 ɗin ai cikin adireshi suke." Ƙofar da muka gina ƙwayar farko kaɗai take canzawa, waɗannan biyun sun wuce ta a matsayin kalmomi.

Aka mayar da akwatin `unpack s s f`, kowace daga kalmomin biyu ta bi ta nata `f`. Manufarsa ita ce gidaje 64 ɗin su zama jadawalin bugun ganga da za a ajiye a tebur ɗaya, don haka ana buƙatar mayar da lambobi biyun matsayi ɗaya tsakanin 0 da 63. Tsarin dama zuwa hagu ya sake shigowa. Ƙimar 1 ko 0 ce take fara fitowa, sai aka ajiye ta a mashigar dama ta wani `f` ta jira. Ta tsakiya aka rage mata 1 ta zauna a mashigar dama ta `+`. Ta hagu, mai zuwa ƙarshe, aka rage mata 1 aka ninka da 8 ta tayar da `+`. Sakamakon ya shiga `t b f`: lambar ta fara tafiya mashigar dama ta `tabwrite`, mai rubutu a tebur, ta zama matsayi, sannan `bang` ya saki ƙimar da ke jira ta shiga ta hagu a rubuta ta. Gidan 2 da 3 ya faɗa matsayi na 10, gidan 8 da 8 na 63.

Duk wannan bakin ƙofa, daga `netreceive` zuwa `route 1 2 3 4`, an tattara shi cikin ƙaramin faci guda mai mafita huɗu, ta biyar kuma tana tara abin da kowane `route` ya ƙi ta kai wa `print baki`. Maɓallan shafi na biyu da makunnai uku da sanduna uku na shafin farko har yanzu ta nan suke fitowa, domin bai riga ya ba su aiki ba.